Kakin Baba Jafaru Ya Cika a Sahun Azahar

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙirjin da har yanzu bai gama komawa daidai ba, Malam Ashiru Jafaru Yashe, tsohon malamin firamare mazaunin Kankia, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kakin mahaifinsa, wanda aka fi sani da Kakin Baba. Marigayin ya cika ranar Asabar da ta wuce a filin makarantar unguwa, a raka'ar farko ta sallar azahar, yana da shekara tamanin da 'yan kai a duniya.

Ga wanda bai san shi ba, riga ce da wando a ɗinke wuri guda irin ta makanikai, ruwan ƙasa, da maɓallan tagulla daga wuya har cibiya. An ba Baba Jafaru shi a filin jirgin sama na Kano zamanin yaƙin Hitila, lokacin da jiragen yaƙi ke yada zango su sha mai su wuce gabas. Baba bai taɓa tashi sama ba ko sau ɗaya. Aikinsa a ƙasa yake: ya zuba mai, ya ɗaure noti, ya janye katakon da ke tare taya idan jirgi zai tashi. Wasu suka tashi aka ɗauki hotonsu, shi da kakinsa suka tsaya a rana. Da yaƙi ya ƙare ya dawo da shi Yashe cikin akwatin ƙarfe, ya koma noman gero da dawa.

An shaidi marigayin da haƙuri da riƙon amana. Tabon baƙin man da ya ɗauka a cinyar hagu bai taɓa sakinsa ba. Bakin aljihunsa ya cinye saboda shiga da fitar sifana, gwiwoyinsa biyu kuma suna ɗauke da facin da marigayiya Dada, matar Baba, ta yi da hannunta. Ba mai yawan magana ba ne. Idan ana tafiya da shi sai ka ji kwaras, kwaras, idan an miƙa hannu ya ce ƙiiit, shi ke nan. Aibinsa ɗaya, kuma ba a ɓoye gaskiya don mutum ya mutu: bai san sassauci ba. Yadda aka yanka shi a jikin saurayi ɗan shekara ashirin mai shafaffen ciki, haka ya zauna har ranar da ya bar duniya.

Da ya ƙare kwanakinsa lafiya a akwati, ba don wasu malaman makaranta a Kankia sun kafa ƙungiyar raya tarihin mazan jiya ba. Kowace shekara, bayan an kai amfanin gona gida, sukan haɗa jirgi da langa-langa da katako a kan amalanke, su nuna wa jama'a yadda ake sallamar jirgin yaƙi. Kayan kowa ɗinkin kasuwa ne, sabo fil, ko ƙuda bai taɓa sauka a kai ba. Ranar da shugabansu Abdullatif, malamin tarihi, ya ɗora ido a kan Kakin Baba, sai da ya cire hula. Ya shinshina tabon man, ya shafa facin gwiwa, ya ce kayan matuƙin jirgi kowa na iya kwaikwaya, amma wahalar da ke jikin wannan babu telan da zai ɗinka ta. Nan take ya kafa doka: ba sabulu, ba allura.

To, Baba ma ya bar tasa dokar. Ya yi wasiyya cewa jikin da ba jininsa ba kada ya shiga kakin nan. Ɗa namiji kuwa Malam Ashiru kaɗai ya rage, shi kuma 'ya'yansa mata ne, Rauda da Ummusalma. Haka aka rufe Malam tsakanin dokoki biyu, shi ke saka kakin a wasan ƙungiyar shekara ashirin da bakwai. Mutumin da ko tayar keke bai iya faci ba, duk Kankia Makaniki ake kiransa, har wasu kan tsayar da shi a hanya su ce ya saurari ƙarar babur ɗinsu.

Malam Ashiru yana son kakin, kada wani ya ce ba ya so. Ƙamshin ubansa na nan a wuyan rigar. Amma ranar wasan nan ce ya tsana, kuma bai taɓa iya faɗa wa kowa ba. Shi yana ƙiba, kaki yana nan inda yake. Da an fara yankan gero sai ya bar fura, ya rage tuwo, matarsa Kubura ta riƙa kallonsa yana juya cokali a ruwan koko kamar mai jinya. Sau uku yana shirya maganar ajiye aikin, sau uku Abdullatif na riga shi da labarin baƙin da za su zo daga Katsina musamman don su ga na asali, sai maganar ta koma ciki. Da sunkuyawa ta gagara ma ba a sallame shi ba, igiya aka ɗaura wa katakon taya don ya riƙa ja daga tsaye.

Ciwon ajali ya fara da safiyar Asabar, da maɓalli da kafarsa suka ƙi haɗuwa. An kwantar da Malam a tabarma, ya fitar da numfashi har ya ga taurari, amma tazarar yatsa huɗu ta rage. Aka kira Sodangi tela. Da yake allura haramun ce, sai ya kawo zaren ɗinkin buhu, ya riƙa zura shi ta kafar maɓalli yana naɗe maɓallin yana ja, ya ƙulle kowanne tamau. Malam ya riga ya yi alwala, don ya san hannun rigar ba ya naɗuwa, kuma ya ƙi shan ko kurɓin ruwa. Lissafinsa shi ne babban baƙo zai zo ƙarfe goma, a yi wasa, a kwance shi kafin rana ta take.

Babban baƙo bai zo goma ba, bai zo sha biyu ba. Malam Ashiru yana tsaye gefen jirgin langa-langa, igiya a hannu, ba zama, ba jingina, numfashi rabi-rabi. Jama'a na zuwa suna ɗaukar hoto da shi a waya, suna yaba yadda ya ƙame kamar sojan gaske, ba su san ko ya so ya saki jiki babu hali ba. Yatsunsa suka kumbura, gumi ya cika takalmi. Yana cikin haka aka kira salla.

Abdullatif ya bi shi har cikin sahu, ya raɗa masa: "Baba, ka yi da ishara kamar marar lafiya. Allah Ya ga uzurinka."

Malam Ashiru ya dube shi ya ce: "Lahiyata lau, ɗana. Mi zan ce ma Ubangiji? Tela ya ɗamre ni?"

Liman ya yi kabbarar ruku'u, Malam ya bi liman. Marigayin ya ce ƙiiit, ya sake cewa ƙiiit, sannan ya yi maganarsa ta ƙarshe, ɓaraaat, tun daga ƙeya har inda ba a faɗa a sanarwa. Wani bawan Allah a sahun baya ya yafa wa Malam babbar rigarsa, aka ƙarasa salla. Ko a gida marigayin bai saki amanarsa da sauƙi ba, don hannuwan Malam sun ƙi fita. Kubura ce ta ɗauko almakashi, ta ce, "Mi ya hi rai, Malam?" ta tsarge hannun rigar biyu har kafaɗa.

Malam ya rungume abin da ya rage ya yi kuka, kukan gaske, irin wanda bai yi ba tun rasuwar Baba. Bayan nan ya ci tuwo malmala biyu, ya sha fura, ya ja numfashi har ƙasan ciki. Yana jin kunyar daɗin da ya ji, amma ya ji shi.

Marigayin ya bar maɓallan tagulla bakwai, da igiya ɗaya, da akwatin ƙarfe, da jirgin langa-langa da bai tashi ba bana, da 'yan ƙungiya goma sha huɗu da suka zama marayu.

Za a kai shi makwancinsa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a gidan gado da ke Yashe ta ƙaramar hukumar Kusada. Ba za a yi masa wanka ba, don dokar sabulu tana nan. Ba za a yi masa salla ba, don tufa ce. Za a naɗe shi da farin ƙyalle, a zuba kafur, a mayar da shi akwatinsa, sannan a yi wa Baba Jafaru da Dada addu'a.

Ana kuma sanar da cewa 'yan ƙungiya, da suka zo ta'aziyya, sun kawo yadin kaki a matsayin gudunmawa, za a ɗinka wani sak irin marigayin. Malam Ashiru ya yi godiya, ya ce tunda wasiyya ba ta hau sabon ɗinki ba, ai kowa na iya sakawa. Abdullatif ya kama hannunsa, ido cike da ƙwalla, ya ce: "Haba Baba. Yanzu ai kai kaɗai ne na asali da ya rage mana."

Saboda haka Sodangi tela zai ɗauki awon Malam nan take bayan an shafa addu'a. Ya yi alkawarin barin sarari a ciki wanda zai isa shekara goma. Allah Ya ba Malam Ashiru haƙurin jurewa.