Kwalbar da Na Ce Ta Ƙone

Ba zan taɓa mantawa da ranar baje kolin kimiyya ta makarantarmu a unguwar Kalpohin ba, ranar da na yi wa iyayen yara alkawarin za su ga walƙiya a cikin aji. Ni ne malamin kimiyya, kuma a lokacin kaina ya kumbura da kallon bidiyo a waya. Wata biyu ina naɗa wayar tagulla a jikin bututun roba, abu ɗaya ya rage: kwalbar gilashi irin ta tsofaffin na'urorin rediyo, wadda ke hura wa naɗin wuta.

Na hau babur zuwa unguwar Kaladan, wurin Baba Seidu mai gyaran rediyo. Ya fito da kwalabe biyu iri ɗaya. Ɗaya tana da wani baƙin tabo mai sheƙi a ciki, ɗayar kuwa fara fat a wurin, kamar an shafa mata alli.

"Maasta, ɗauki baƙin nan," in ji shi, don haka ake kiran malamin makaranta a nan.

Na yi dariya (wayyo ni!) na ce, "Baba, wannan ai ta ƙone." Har lacca na yi masa, mutumin da ya fara taɓa kwalaben nan tun ba a haife ni ba. Ya ce, "To, Maasta," ya naɗe mini farar a jarida.

Ban gwada ba, wai ina tattalinta. Ranar ta zo, aka rufe tagogi, hedimasta ya zauna a gaba, na matsar da kowa baya, na danna makunni. Kwalbar ta yi ɗan haske, ta mutu. Shiru. Wata uwa ta ce, "Walƙiyan ya tafi Kumasi ne?"

Sai ga Baba Seidu daga bayan aji, ashe shi ma ya zo kallo. Ya kashe wuta, ya jira, ya zaro baƙar kwalbar daga hankici.

"Baƙin nan shi ne shaida iska bai shiga ba," ya ce, kowa na ji. "In ya koma fari, kwalba ya mutu."

Ya cire farar, ya saka baƙar, ya danna makunni. Wallahi na manta da kunyata. Kwalbar ta ɗau ja a hankali, sannan wani harshe mai ruwan shuɗi da shunayya ya tsiro a saman naɗin, yana rassa, yana tsartsatsi, yana zuzu. Wata fitila da ke kan tebur ta kama ba waya a jikinta. Na ji hedimasta yana "Allahu Akbar" ƙasa-ƙasa. Ni na naɗa wayar nan da hannuna, amma baki buɗe na tsaya kamar kowa.

Da aka tafa, Baba ya nuna ni ya ce, "Aikin Maasta ne." Wannan ta fi komai ƙona ni.

Yanzu duk Asabar ina Kaladan a kan bencin Baba ina koyo, bakina a rufe. In tsoho ya ce mini "To, Maasta" bai yi musu ba, na san na riga na yi ɓarna.