Ranar da Na Saita Bakan Yaya Sale

Yayana Sale gadi yake yi a unguwar Rumuokoro. Ogansa ya sayo masa bakan Turawa mai tayoyi, ya ce ya saita shi kafin yamma. Littafin bayanin da Turanci yake, sai ya kawo min gida a unguwar Diobu.

"Kin tabbata za ki iya? Aikina ne fa."

"Yaya, sakandare na gama. Matsa."

Na karanta shafi biyu, na ga sauran surutu ne. Na ɗaure nan, na sassauta can, maƙwabta na kallo. Da na zo gwaji, ganin yara cike da tsakar gida, sai na cire kibiyar, ni mai hankali. Na ja tsirkiya, na saki.

Ashe shafi na gaba ne ya hana harbi babu kibiya, da jan rubutu ma. Tsirkiya ta tsinke, taya ɗaya ta faɗa miyar maƙwabciyarmu Mama Ngozi. Ta tsamo da ludayi, ta miƙa wa Yaya.

Oga bai kore shi ba, sandar gora dai ya ba shi a madadin bakan. Har yau in na je sayen nama, mahauta sai su rusuna: "Ranki ya daɗe, Sarkin Baka. A kwashe tukwane?"