Injin Shara Ya Haɗiye Mini Irin Gero

Ranar Alhamis da hantsi injin shara ya haɗiye mini irin gero, a tsakar ɗakina, gaban jama'a da mai ɗaukar hoto, kuma aka tafa.

Bari in faro daga tushe. Masu girma sun zauna can inda fanka ke juyawa, sun duba matsalolinmu na Faskari da Kankara da Sabuwa ɗaya bayan ɗaya, har suka gano abin da ya hana mu ci gaba. Ashe tsintsiya ce. Mu da muke zargin hanya da ruwan sha, Allah ya yafe mana. Sai aka ƙirƙiro shirin raba wa mata injin shara, wanda ake jona wa wuta ya zuƙe datti da dogon hanci. Aka ce za a kawo kala uku a zaɓi na kirki. Da yake na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa, ina iya karanta takardar cikin kwali, ɗakina kuma da siminti, ni aka ɗora wa zaɓen. Na amsa. A ƙasar nan in aka ce ka zaɓa ai sai ka riƙe da hannu biyu.

Suka ce Litinin. Litinin ta wuce, Talata ta bi ta, Laraba ma haka. Ran Alhamis na ga hadari ya fara leƙowa daga gabas, na ce alkawarin manya ba ya hana shuka, na sauko da tulun iri. Geron nan marigayi maigidana, Malam Abdulƙarim, ya kawo shi daga gonar mahaifinsa a Tafoki. Yana nuna da wuri, ba a samunsa a kasuwar Yankara, bara kuwa tsuntsaye ba su bar mini abin da ya wuce tiya biyu ba. In ya ɓace, shi ke nan, har abada. Cikin toka nake ajiye shi saboda ƙwari, kamar yadda kowa ke yi. Na juye a siminti, na baza ya sha iska, na leƙa gidan maƙwabciyata Hajiya Mansura aron rariya.

Muna tsaye muna gaisawa sai muka ji jiniya, bayanta ƙarar janareto. Dole su zo da nasu. Wayar wutarmu ta daɗe da zama wurin hutun kurciya. Hajiya Mansura ta ce ita tun farko tambayarta ɗaya, injin nan yana iya share kashin awaki a ƙasa, ko shi ma sai an yi masa siminti? Na ce ta ajiye tambayar, ni ke da zaɓe.

Ko da na shiga, Mai Girma Garkuwan Tsafta, Uban Marasa Tsintsiya, ya riga ya naɗe hannun babbar riga, ya kama hancin injin da kansa don hoto ya yi kyau.

"Hajiya Malama ta kyauta," in ji shi, "har dattin gwaji ta tanadar mana."

Na ɗaga murya, amma muryar tsohuwa ba ta ja da janareto. Shara uku ya yi, siminti ya koma fes. Ranka ya daɗe, na jinjina maka. Mutumin da aka yaye da kunun gero, ya kai matsayin da ba ya gane gero in ya gan shi cikin toka, ai wannan ya ci gaba ƙwarai.

Aka kashe janareto, aka soma mayar da inji kwali. Na matsa wurin sakatarensa, Gide, wanda na koya wa lissafi a aji huɗu, yanzu har da furfura a gemu. Na gaya masa abin da ke cikin injin. Ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri, umurni ne ba a buɗewa, garanti zai lalace, kuma ana jiransu a Sabuwa kafin azahar. Ya miƙo mini takardar da zan sa hannu cewa na zaɓa. Na tambaya ina sauran kala biyun. Ya ce suna kan hanya. Wato ɗan takara ɗaya, kuma ya riga ya ci.

Na sa tabarau, na ɗauko takardar cikin kwali, wadda har ranar ba a warware ninkinta ba. Na karanta wa jama'a da Hausa. Takardar ta ce mai zaɓen injin shara ya duba ƙarfin zuƙarsa, na ce mun gani. Ya duba tsawon waya da nauyi, na ce ba laifi. Ya duba ƙara, na ce kajin unguwa za su ba da shaida in sun dawo. Na ƙarshe, ya duba ko cikinsa na buɗuwa da sauƙi a zubar da abin da ya ci.

"Gide," na ce, "ba na cinikin biri a sama. Ku buɗe, in sa hannu."

Ya dubi maigidansa. Maigidansa ya dubi mai hoto, wanda bai kashe na'urarsa ba.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ai ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi."

Ni injin nake nufi. Ban san abin da ya sa ya gyara rigarsa ba. Ya dai ce a buɗe.

Babu wanda ya iya, sai da na nuna musu maɓallin a shafi na shida. Aka juye a faifai. Ga gerona, ga tokata, ga ɗan kunne guda, ga ƙwayar carbi biyu, ga kuma farin wake ya kai rabin tiya, shi ma da tokarsa. Gide ya ce ƙasa-ƙasa waken na wata baiwar Allah ne a 'Yargoje, inda suka yi gwaji shekaranjiya. Ita ba ta da tabarau. Na ce ya sanar da ita na riƙe mata amana, da kaka ta aiko a kai mata.

Na sa hannu. Suka tafi da injin, suka ce namu na nan tafe tare da wuta.

To 'yan'uwa mata, in za ku zaɓi injin shara, ku fara duba ko garinku da wuta, sannan ku duba ko cikinsa na buɗuwa. In ba ya buɗuwa, komai ƙyallinsa, ku bar shi, muna da irinsa da yawa.

Ruwa ya sauka Asabar. Na shuka gerona, waken 'Yargoje kuma na jiran lokacinsa a tulu. A iya sanina, wannan ne karon farko da shirin manya ya kai wa manomi iri kafin damina.