Ranar da Muka Je Karɓar Riba a Gindin Ƙarfen Sabis

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Talata bayan kaka, ranar da na ja mata shida zuwa gindin ƙarfen sabis na hanyar Bagwai, wai mun je karɓar riba.

Ni ce mai rubutu a ƙungiyarmu ta masu ƙuli-ƙuli, don ni kaɗai na gama ajin yaƙi da jahilci. Da kuɗinmu suka taru, 'yata Hauwa da ke aiki a Kano ta ba mu shawara mu sayi hannun jari a kamfanin waya. Kamfani biyu ta kawo mu zaɓa: ɗaya yana raba riba duk shekara, ɗayan kuma yana mayar da ita cikin sana'a, sai ranar da ka sayar za ka ga ƙari. Na kwatanta wa mata da kaza mai ƙwai da ragon kiwo (aka yi ta yaba basirata, kaina ya kumbura). Muka zaɓi kazar.

Kaka ta zo ta wuce, shiru. Hajiya Ladidi, wadda ta fi kowa zubi, ta fara amsa gaisuwata da hanci, har tana tambayar inda na samu sabon zani. Barci ya ƙaurace mini. Na ƙi kiran Hauwa, kada ta ce Inna ba ta gane ba. A lissafina, mai rabo a gona shi ke zuwa ya kwashi nasa. Kamfani kuwa ga ƙarfensa nan a bayan gari.

Muka sha mayafai (ni har da jaka). Muka tarar da Baba Sale mai gadi yana alwala. Na rusuna, na ce masa a hankali mu ne masu kamfanin, mun zo karɓar rabonmu.

Ya dube ni, ya dubi jakar. "Malama, abin da ke hannuna janareto ne da kwaɗo. Wanne za ku ɗauka?"

Na so ƙasa ta tsage. Da ya gama dariya, ya ce mu gwada mai POS ta bakin kasuwa. Muka je ta duba mana. Ashe tun damina ribar ke kwance a asusun ƙungiya na banki. Rabon kowacce bai fi kuɗin kwanon gyaɗa ba, amma Hajiya Ladidi ta kama hannuna ta ce in yafe mata, har ta biya mini kuɗin mota.

Daga ranar na gane kunyar tambayar 'yar cikina ta minti ɗaya ce. Ta Baba Sale kuwa ba ta ƙarewa: duk ranar kasuwa sai ya ɗaga murya, "Barka da zuwa, masu kamfani."