Ƙyalla Ta Haihu a Tsare

Zuwa ga Mai Girma Doka,
Uwar alƙalai, wadda ba a gani sai dai a ji ta ce,
Ta hannun duk wanda ya san ofishinki,
Abuja.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kin tashi lafiya, ya aiki, ya fama da jama'a? Sunana Muhibba, shekarata goma sha huɗu, muna zaune a tsohon ƙauyen Garki. Ki gafarce ni da na rubuto. In na tsaya gaban manya muryata ba ta fita, sai dai in yi ta murza bakin hijabi. Kuma duk ofishin da na shiga sai a ce min, “Ba mu ba ne, Doka ce ta ce.” Shi ya sa na ga gara in nemi mai maganar.

A aji shida malamarmu ta koya mana cewa kin zo ne don ki kare rai da dukiya, ki raba gardama, kuma kowa ɗaya ne a gabanki. Na haddace, na ci jarrabawar. Da na gama firamare kakata ta aiko min da akuya daga ƙauye, sunanta Ƙyalla. Ita ce abu na farko da aka taɓa cewa nawa ne. Yau kwananta arba'in da ɗaya a hannunki. Ga kukana, cikin ladabi:

1. Ƙyalla ta tsinke igiya, ta tsallaka titi, ta ci furen shataletale, motar masu kamen dabbobi ta ɗauke ta. Ban musa ba, ta ci. An ce akwai allon gargaɗi a wurin, kuma rashin sanin doka ba hujja ba ne. Na je na ga allon, da Turanci yake. Ranki ya daɗe, Ƙyalla ko Hausa ba ta karantawa.

2. Takardar sakinta tana son sa hannun oga uku. Na farko ya tafi taro. Na biyu ya sa hannu da baƙin biro, aka ce ke shuɗi kike so, aka sake daga farko. Na uku yana hutu. Sai a kwana na talatin takarda ta kammala. Ita kuwa Ƙyalla, da yake ba ta san tsarin aiki ba, ta haihu a kwana na ashirin da takwas. Biyu ta haifa.

3. Na kai takardar wa Mista Alexander mai tsaron kejin. Ya karanta da ƙarfi: akuya ja, mai ciki, guda ɗaya. Ya dubi takarda, ya dubi Ƙyalla, ya ce, “Yarinya, wannan akuya ba shi da ciki. Ni ba zan ba ka kayan wani ba.” A lokacin Ƙyalla tana lasar hannuna ta cikin wayar kejin. Ya ce lasa ba shaida ba ce.

4. 'Ya'yan kuma an buɗe musu fayil, wai sun shigo harabar gwamnati ba izini, don babu sunansu a littafin bakin get. Ta wane get ake so su biyo? An koya mana ba mai laifi sai kotu ta tabbatar. Waɗannan tun ba su bushe ba suke tsare.

5. An manna sanarwa cewa dabbar da ta kwana casa'in ba a zo nemanta ba, za a yi gwanjonta. Na nuna cewa ni kullum ina zuwa. Aka ce wadda nake nema mai ciki ce, kuma ba a san inda take ba, in je in kai rahoton ɓata.

Madam Angelina, akawun ofishin, mutuniyar kirki ce. Ta ja ni gefe ta ce, “'Yata, gyara takarda sai kwamiti, kwamiti kuma bai zauna ba tun bara. Gyara akuya ya fi sauƙi.” Ta ce in Ƙyalla ta sake ɗaukar ciki, ko na wata ɗaya ne, likitan dabbobi zai buga hatimi, ta koma daidai da takardarta. Sai dai ba a shigar da bunsuru kejin sai wanda aka kama da laifi.

Maƙwabcinmu Baba Ɗangoggo ya ara min nasa. Ya ce in kai shi, dama tun haihuwarsa ya cancanci ɗauri. Kwana shida ke nan ina kai shi shataletalen da ƙarfe goma na safe, in tsayar da shi a gindin allon. Ya cinye jajayen furanni, ya cinye rawaya, jiya ya fara allon. Ba wanda ya zo. An ce motar kamen ba ta da mai.

Ranki ya daɗe, saura kwana arba'in da tara. Ban roƙi a sassauta wa kowa ba. Ga mai laifi nan a fili, ga shaida a bakinsa. Don girman kujerarki ki turo a kama shi, ko da a keke napep ne. Gobe ma muna nan da ƙarfe goma. Ni ce mai koren hijabi, ina kallon ƙasa.

Allah ya ƙara girma, ya ja zamaninki.

Taki mai biyayya tun daga aji shida,
Muhibba Rilwanu,
Garki.