Ranar da Inna ta shiga wasana

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da Inna ta hau dandamali ta rusa mini wasan da na yi wata da watanni ina ginawa.

Lokacin ina sabon mushe, wato malamin makaranta, a wata lise, babbar sakandare, a Dogon Dutsi, ina koyar da Faransanci, ina yawo da jaka ko babu komai cikinta. Darasin da na fi ji da shi shi ne na teyatur, wato wasan kwaikwayo, musamman wasan ban tausayi. Nakan tsaya gaban allo in ce wa yara, marubucin kirki ba ya cewa ku yi kuka. Dabara biyu yake yi. Ta farko, ya ajiye murna dab da baƙin ciki, kiɗa a nan, gawa a can. Ta biyu, ya bari 'yan kallo su san abin da mutumin cikin wasa bai sani ba, yana dariya su kuwa suna tausaya masa. Ironie tragique ke nan, in ji ni, ina jan kalmar yadda na ji malamanmu na jami'a suna ja. (Yaran suna rubutawa ne kawai saboda jarrabawa, amma ni ina ganin na canza musu rayuwa.)

Abin da ke ci mini rai a lokacin ɗaya ne. Inna tana Dumega, ba ta taɓa shiga lakwal ba, ba ta san boko ba, kuma tun da Baba ya rasu ina jami'a ita ta ƙarasa ɗawainiyata da kuɗin ƙuli-ƙuli. In maƙwabta suka tambaye ta aikin da nake yi, sai ta ce ina can Dutsi ina surutu da yara. Wallahi maganar nan tana sosa ni. Na ƙudurta sai ta ga aikina da idonta, ta koma gida da abin faɗi.

Da makon al'adu ya matso sai na rubuta wasa da Hausa. Wani saurayi ya tafi neman kuɗi Kwatano, uwarsa ta rasu da safen ranar da zai dawo, shi kuma ya shigo gari da makaɗa da turmin atamfa yana kiranta. Yaron da na ba wa matsayin saurayin ya iya sosai, sai ana gobe wasa mahaifinsa, wani ɗan kasuwa mai tsananin riƙo da addini, ya ce ɗansa ba zai yi rawar kalangu a bainar jama'a ba. Na nuna wa kowa raina ya ɓaci, na ce ba yadda zan yi, dole ni in hau. (Gaskiya daɗi na ji. Tun farko ni na rubuta wa kaina.)

Na aika aka ɗauko Inna, na zaunar da ita a kujerar gaba, tsakanin provizo, shugaban makarantarmu, da shugaban iyayen yara. Bayan la'asar fili ya cika har kan katanga.

Kashi na farko ya tafi yadda nake so. Yarinyar da ta fito a uwa, an barbaɗa mata gari a ka, ta cika tana kiran ɗanta, mata suka sa kuka, aka ja ta bayan labule. Kafin kukan ya lafa sai kalangu ya tashi, na shigo da akwati, da babbar rigar aro da baƙin tabarau, ina taka rawa, ina gaisawa da mutanen da ke sunkuyar da kai. Na hango wata mata tana share ido da gefen mayafi, na ce a raina, to yau an ga aiki. Na zaro atamfa na ɗaga sama, na matsa kusa da lasifika na ce, "Inna, fito ki ga abin da na kawo miki."

Sai na ji kujera ta motsa.

Inna ce ta tashi, a natse, ta gyara lulluɓinta, ta hau matakala tana dafa gwiwa. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta ko cika kallona a gaban mutane. Amma ta zo ta kama wuyan hannuna, ta ce, kuma lasifika ta kai maganar har bakin titi, "Yaron ga, zamna. Sha ruwa tukuna."

Na yi ƙoƙarin ci gaba da rawa, ina yi mata raɗa cewa ta koma, wasa ne. Ina! Ta ja ni ƙasa, na zauna daɓas a kan akwatina. Ta sa mai kalangu ya yi shiru da kallo ɗaya, ta cire mini tabarau, sannan ta juya ga jama'a. "Ku mutanen Dutsi, ba ku da tausai? Kun san abin da ya same shi, kun bar shi shina rawa?"

Wani daga kan katanga ya ce gaskiyarki, Inna. Wata tsohuwa ta miƙo ruwan leda, aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu har ya iso, kuma na sha, don ban ga wata hanya ba. A nan dariya ta ɓarke. Provizo ya kife kan gwiwarsa, kafaɗunsa na rawa. Abin da ya ƙarasa ni shi ne gawar da ke bayan labule, ita ma ta kasa daurewa, kowa yana jin ƙyaƙyatarta. Kashi na uku, wanda na fi wahala a kansa, har yau ba wanda ya gan shi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na ji haushi kuma, haushin Inna.

Washegari na raka ta tasha ina kumbure-kumbure. Na ce mata ai wasa ne, kuma rashin sanin nan nasa shi ne gishirin abin, da gangan na yi. Ta ce ta san wasa muke, ba ta haukace ba. Amma ko a wasa ba a barin mutum ya shiga gida da dariya alhali gawa na ciki. Sai ta tambaye ni ko na tuna ranar da na dawo hutu daga Yamai, na ci karo da Kawu a tashar Tibiri.

Na tuna mana. Ya ce igiya ya zo saye. Ya ja ni inuwa, ya ba ni ruwa, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya gaya mini Baba ya rasu da safe. Shekaru ina ba da labarin nan a matsayin ikon Allah, yadda muka haɗu ba shiri.

"Wace igiya?" in ji Inna. "Ni na aike shi. Tun hantsi shina tsaye nan, kada ka shigo gari kana fito da baki, ga burodi a hannu."

Duk Dumega sun san wannan, direban motar ma ya sani, ni kaɗai ne ban sani ba, ni mai koyar da darasin. Na tsaya riƙe da ƙullin kayanta har mota ta cika, idona yana yaji.

Yara sun sa mini suna Mushe Sha Ruwa, kuma sunan ya bi ni har makarantar da aka mai da ni. Inna kuwa ta samu abin faɗi: ta ce aikina shi ne in sa mutane su ga abin tausayi su zauna ba su yi komai ba. Har yanzu ina koyar da darasin, sai dai nakan ƙara wa yara cewa dabarar tana aiki ne muddin 'yan kallo za su iya daurewa su yi shiru. In akwai uwarka a cikinsu, ka ba ta kujerar baya, kuma ka sa wani ya tsare matakala.