Rasuwar Kaka Duniya a Bayan Gidan su Clara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, 'yan ajin ƙarshe na makarantarmu da ke hanyar Godogodo suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Kaka Duniya, wato ƙwallon taswirar nan da ta daɗe zaune a kan kabad ɗin Malam Yafet, malamin labarin ƙasa. Ta cika da hantsin Asabar da ta wuce, a bayan gidan su Clara, ɗalibar da aka ba amanarta.

Marigayiya ta riga yawancin malamai zuwa makarantar. Da kwali da takarda aka yi ta, ta tsufa har shuɗin tekunta ya koɗe. Ba ta da yawan magana. In an juya ta a hankali sai ta ce ƙiii, in an yi mata gaggawa ta ce ƙaƙas, ta tsaya cak.

A jikinta ne yaran da ba su taɓa ganin ruwan da ya fi na rafin Matsirga ba suka san cewa teku ba zafinsa ɗaya ba. Malam yakan rufe taga ya haska mata tocila a cibiya. Nan tsakiya, inda rana ke dukan ruwa kai tsaye, saman teku ɗumi ne kamar ruwan wankan jariri, rani da damina. Kana hawa arewa ko kana gangara kudu, hasken na zuwa a karkace, ruwan na ƙara sanyi har ya daskare. Sai ya zagaya tocilar da ita, a ga ɗumin ya matsa arewa a watannin daminarmu, ya koma kudu wajen Kirsimeti, yana tafe a makare domin ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya saurin sakinsa. Duk wannan ta koyar ba ta taɓa dukan kowa ba.

Ciwon ajali ya faro ne da aka zaɓi Clara ta wakilci makaranta a gasar kimiyya ta Kafanchan. Malam bai taɓa ba kowa aron Kaka ba, ko shugaban makaranta. Amma ran Juma'a ya sauko da ita, ya goge ta da hannun rigarsa, ya ce, “Ki tafi da ita gida ki yi ta gwaji. Kamar ƙwai fa, Clara.”

Clara yarinya ce mai tsoron tambaya. Ta yi ta tunanin alƙalin gasar da zai ce mata tocila ai ba ta da zafi, ina shaida? Da safe Nene mai nono ta kawo wa mamarta man shanu, yana daskare a ƙwarya. Nan dabara ta faɗo mata, Allah ya raba mu da irinta. Ta shafe marigayiya da man tun daga sama har ƙasa, ta kife turmi ta ɗora ta, ta fuskantar da ita ga rana.

Gaskiya ɗaya ce, gwajin ya yi. Cibiya ta fara ƙyalli, man ya narke yana tsiyaya, sama da ƙasa kuwa suna nan a daskare. Clara ta ruga cikin gida tana kiran mamarta ta zo ta gani. Ta manta ƙofar garken aladun babanta da igiya ake ɗaure ta, kuma ita ce ta kai musu dusa ta fito ba ta ɗaure ba.

Daga ɗaki suka ji ƙiii. Sai kuma ƙaƙas. Ita ce maganar marigayiya ta ƙarshe.

“Ke Clara! Man miyata kika shafa wa kwali?” in ji mamar. Uwar aladun tana tsaye, rabin Tekun Atlantika a bakinta. Yaran maƙwabta suka hau katanga, kafin azahar unguwa ta ji alade ya cinye duniya. Ran Lahadi Clara ta zauna a bencin ƙarshe a majami'a. Ba dariyar ce ta fi cinta ba, hannun rigar nan ne da Malam ya goge Kaka da shi.

Ran Litinin ta kai gawar ofis a buhu. Malam ya buɗe, ya cire tabarau, ya daɗe yana kallo.

“Sa, ni ce. A cire sunana daga gasar.”

Bai ɗago ba. “Ina ne man ya fara narkewa?”

“Tsakiya, Sa.”

“Da idonki kika gani?”

“Da idona, Sa.”

“Ni shekara da shekaru tocila nake haskawa ina cewa ku yarda.” Ya ɗaure bakin buhun a hankali. “Sunanki yana nan.”

Da ya zage ta da ta fi samun sauƙi.

Marigayiya ta bar ƙarfen da take juyawa a kai, da ƙarshenta na arewa, da na kudu mai shatin haƙori, da guntun Tekun Indiya da aka tsinta kusa da murhu. Ta bar tocila cikin takaba. Ta bar Malam Yafet, wanda har yanzu in ya shigo aji hannunsa kan miƙa saman kabad ya dawo babu komai.

Za a yi jana'iza ran Juma'a bayan tashi, a gindin mangwaron bayan ofishin malamai. Nene ta aiko da ta'aziyya da ƙaton duma, Joanna 'yar ajinmu tana shafa masa shuɗin fenti, shi zai je Kafanchan ran Asabar a madadin marigayiya. Man shanun kuwa Malam ya ce shi zai riƙe da kansa. Ba a gayyaci uwar alade ba.

Clara ta roƙi a bar ta ta tsaya daga baya wajen binnewa. Malam ya ce wadda ta ga ƙarshen marigayiya ita za ta ba da tarihinta, a gaba, da ƙarfi, yadda na bayan katanga ma za su ji.